Ragar Hapa da Haihuwar Karfasa: Yadda Za Mu Samar da Irin Kifi a Gida

Laccar da aka gabatar ga masu kiwon kifi a unguwar Ajilari, Maiduguri

 

Mai girma Lawan, Allah ya ja zamaninka. Bulamomi da limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, shugabannin masu kiwon kifi da suka shirya wannan zama, masunta, matasa, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Gomari da Bulunkutu, ina yi wa kowa barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan gayyata.

An nemi in yi magana a kan yadda ake haifar da karfasa a cikin ragar da ake kira hapa, musamman ga mai ƙaramin ƙarfi. Zan kasa maganar gida bakwai, amma duk a kan abu ɗaya take tafiya: wanda bai mallaki irin kifinsa ba, bai mallaki sana'arsa ba. Karfasa kuwa ita ce kifin da talaka zai iya mallakar irinsa ba tare da allura ko injin ba, muddin ya san yadda zai sa wa haihuwarta linzami.

Na ɗaya: me ya sa muke maganar kiwo a ƙasar su?

Mutumin Barno ba ya bukatar a koya masa darajar kifi. Shekara da shekaru bandar Baga da Doron Baga ke sauka a Tashar Baga, daga nan manyan motoci su kwashe ta zuwa Kano da Onica da Legas. To amma kowa ya ga abin da ya faru. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye sosai bayan farin shekarun 1970 da na 1980. Sannan rikici ya zo ya raba masunta da ruwa. Harin Baga na watan Janairun 2015 kaɗai ya kori dubban mutane, da yawansu kuma a unguwannin Maiduguri suka sauke kayansu. Ba mamaki a cikin wannan rumfa akwai mutumin da ya san kalli da mamari kamar yunwar cikinsa, amma yau ruwan da yake gani bai wuce na randa ba.

A ƙasa baki ɗaya ma, alƙaluman da gwamnatin tarayya ke ambatawa sun nuna Najeriya na bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa ya ɗan haura tan miliyan ɗaya ne kawai. Sauran daga waje ake shigo da shi a daskare, ko kuma a haƙura. Ke nan kasuwa tana nan tana jira. Tambayar ita ce, wa zai cike ta?

Na biyu: me ya sa karfasa, alhali kowa tarwaɗa ya sani?

Ban zo in kushe tarwaɗa ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwonta, kuma ta rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai duk wanda ya taɓa kiwon ta a nan ya san inda take yi masa ciwo: buhun abinci. Abinci kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da aka zuba, domin tarwaɗa maciya nama ce, sai an ba ta abinci mai gina jiki sosai. Haifar da ita kuma aiki ne na gwanaye: a yi wa macen allura, a tatse ƙwanta, a yanka namijin a ciro maniyyinsa, a haɗa, a kwana ana gadin ruwa.

Karfasa ba ta bukatar wannan duka. Tana tace ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore ta ci, tana karɓar dusar shinkafa da ta masara da tunkuza. Dusar shinkafa kuwa ga ta nan a Zabarmari da fadamar Jere. Haihuwa kuma da kanta take yi. Namiji ya share wuri a ƙasan ruwa, mace ta zo ta zuba ƙwai, ya barbare su, nan take ta kwashe su a bakinta. A bakin nan suke ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki, a nan take rainon su har kusan mako biyu, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci. Ikon Allah ke nan.

To idan haka ne, me ya sa mutane da yawa suka gwada ta suka yi rantsuwa ba za su sake ba? Saboda wannan sauƙin haihuwar shi ne kuma illarta. Karfasa na balaga tana da wata biyar zuwa shida, wani lokaci ma tun ba ta kai haka ba. Ka zuba guda 500 a kwami, maza da mata a haɗe, bayan wata shida ka ja raga ka tarar da dubbai, amma ba wadda ta cika tafin hannu. Uwa da 'ya da jika suna rububin abinci ɗaya, mata sun ƙarar da ƙarfinsu a kan ƙwai, kowa ya tsumbure. Ka kai kasuwa a yi maka tayin wulaƙanci. Ruwa ba ya tsami banza. Ba kifin ne ya ƙi girma ba, haihuwa ce aka sake ba kaidi. Maganin wannan shi ne a raba wurin haihuwa da wurin girma, kuma aikin hapa ke nan.

Na uku: mece ce hapa, kuma yaya ake kafa ta?

Ku ɗauki gidan sauro, ku juya shi rufin ya koma ƙasa, bakin ya kalli sama, ku ɗaure kusurwoyinsa huɗu a jikin sanduna a cikin ruwa. Siffar hapa ke nan. Amma ina roƙon ku, kada wani ya koma gida ya kwance gidan sauron da aka raba masa don 'ya'yansa. Wancan an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma maganin nan yana kashe kifi. Ragar hapa ta roba ce mai ƙarfi, marar magani, idonta bai wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, yadda ruwa zai ratsa amma ɗan kifi ba zai fice ba. Idan an samo yadin, telan unguwa zai iya ɗinka ta, a dai ce masa ya ninka ɗinkin, ya sa igiya a gefuna da hannaye a kusurwoyi.

Manoman kifi a Filifin da Tailan ne suka yaɗa wannan dabara, Masar kuma ta rungume ta. Yau Masar na samar da kimanin tan miliyan ɗaya na karfasa a shekara, ta fi kowace ƙasa a Afirka, kuma ɗimbin masu ƙyanƙyasa a yankin Kafr El Sheikh da hapa suke aiki. Masar ƙasar hamada ce, ruwan samanta bai kai namu ba. Ashe uzurinmu bai da yawa.

Ga mai farawa, ina ba da shawarar hapa mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1. A bar kamar santimita 70 a cikin ruwa, 30 a sama, don kada kifi ya yi tsalle ya fita. A ɗora ɗan dutse mai santsi ko kwalbar da aka cika da yashi a kowace kusurwa don gindin ya shimfiɗu. A rufe saman da wata ragar saboda tsuntsaye.

A ina za a kafa ta? Ƙasarmu ta nan jigawa ce, idan ka haƙa kududdufi ruwa zai zurare. Saboda haka mafi yawanmu a kwamin siminti ko ramin da aka shimfiɗa wa tamfol za mu sa ta. A irin wannan wuri ba a kafa sanda a ƙasa, don kada a huda tamfol. Sai a gitta gora ko ƙarfe a saman kwamin a rataye ragar. Ruwan rijiyar burtsatse yana da tsabta amma ba shi da isasshiyar iskar da kifi ke shaƙa, don haka a bar shi ya riƙa zuba daga sama yana fantsama. Na famfo kuma a bar shi ya kwana biyu a buɗe, maganin da aka sa masa ya fice. Sannan a ɗaure busasshen kashin kaji a buhu a jefa a gefe har ruwan ya yi kore. Ga ma'auni ba kuɗi: tsoma hannunka har gwiwar hannu. In kana hango tafinka dishi-dishi, ruwa ya yi daidai. In ka gan shi sarai, ƙara taki. In ya ɓace tun a wuyan hannu, cire buhun ka ƙara sabon ruwa.

Kuma a duba tudu. Ba wanda ya manta daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa kowa da alheri. Mai kiwon kifi ya ɗauki darasi: kada a gina kwami a hanyar ruwa, kuma kifin da ke cikin hapa mai murfi ana iya kwashe shi cikin 'yan mintoci, saɓanin wanda ke warwatse.

Na huɗu: zaɓen iyaye.

Nan ne ake cin riba ko a faɗi, don haka ku ba ni hankalinku. Ba kowace karfasa ce ta kiwo ba. A ruwanmu akwai iri fiye da ɗaya, masunta sun fi ni sani. Wadda muke nema ita ce wadda masana ke kira karfasar Nilu. Alamarta tana wutsiya: ka buɗe wutsiyar a hasken rana za ka ga ratsi-ratsi baƙaƙe a jere, sun sauko daga sama zuwa ƙasa. Akwai wata mai jan ciki, ita ba ta ɗaukar ƙwai a baki, ba ta kuma girma da sauri. Ku bar ta a ruwa.

A zaɓi iyaye masu nauyin giram 150 zuwa 250, masu ƙyallin jiki, ba rauni, ba karkataccen baya. Namiji da mace su yi kusan kai ɗaya, domin ƙaton namiji yakan yi ta dukan ƙaramar mace har ya kashe ta. Yaya ake gane jinsi? Ka jiƙa hannunka, ka kifar da kifin cikinsa ya kalle ka. Bayan dubura akwai wani ɗan tsiro. Na namiji siriri ne mai tsini, da ƙofa ɗaya a ƙarshensa. Na mace ya fi faɗi da zagaye, da ƙofa biyu, ɗaya a gicciye inda ƙwai ke fitowa. In ido ya kasa, a ɗiga ɗan shuɗi a wurin, layin zai fito fili. Iyayenmu mata da suka saba gyaran kifi, ku ne za ku fi kowa saurin kama wannan.

Ƙa'idar zubi ita ce namiji ɗaya ga mata uku, kuma kifi huɗu a kowane murabba'in mita. Hapar da na kwatanta murabba'in mita 6 ce, ke nan kifi 24: mata 18, maza 6.

Wani zai ce, Malam, ai sai in ɗebo daga kwamin maƙwabcina, ko kyauta ma zai ba ni. Araha ba ta ado. Ka san su waye iyayensu? Kifin da ya rage a kwami bayan an sayar da manya, ai shi ne wanda ya kasa girma. In ka mai da shi uba, rashin girma ka shuka. Haka kuma in ana ta haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya, iri yakan lalace. A samo maza daga wani wuri, mata daga wani, a kuma sauya iyaye bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Muna da wuraren neman shawara: Sashen Nazarin Kifi na Jami'ar Maiduguri, da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, wadda rikici ya dawo da ita cikin gari, da kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja. Duniya ta yi nisa a gyaran iri. Tun 1988 aka fara aikin zaɓen karfasar da ake kira GIFT a Filifin, kuma daga cikin iyayen da aka fara da su har da waɗanda aka ɗebo daga kogunan Afirka. Kifinmu ne aka gyara a can, wasu ke cin moriyarsa.

Na biyar: aikin yau da kullum.

Abincin iyaye kaɗan ne: kashi 2 cikin 100 na nauyinsu a rana. Kifi 24 masu giram 200 sun kama kilo 4.8, abincinsu bai kai giram 100 cikakke ba, a raba shi safe da yamma. Kada tausayi ya sa ku ƙara. Macen da ta yi kitse ba ta yawan ƙwai, ragowar abinci kuma ruɓa ruwa yake yi.

Daga kwana 10 zuwa 14 da zubi, a fara leƙawa da sassafe. Za ku ga 'ya'yan sun taru a gefen raga kusa da saman ruwa, baƙi-baƙi, suna tafiya tare. A sa rariya mai laushi a kwashe su a hankali zuwa wata hapar ta raino. Duk bayan mako biyu kuma a yi kwasar gaba ɗaya: mutum biyu su zura gora a ƙarƙashin ragar daga wancan gefe, su riƙa turo ta sannu a hankali har kifin ya taru a lungu guda. Sai a ɗaga mata ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke ɗauke da kaya za ku ga maƙogwaronta ya kumbura, bakinta a rufe gam. In ka tsoma kanta a roba mai ruwa, ka ɗan ja leɓenta na ƙasa da yatsa, sai ka ga abin da ke ciki ya zubo: ko dai ƙwai rawaya, ko 'ya'ya masu ɗauke da ɗan ƙunshin gwaiduwa a ciki. Manyan masu ƙyanƙyasa suna karɓe ƙwan su zuba a tulun da ruwa ke juya shi dare da rana. Wannan na bukatar wutar da ba ta yankewa. In ba ka da sola, ka mayar da uwa da kayanta, ka jira ta sake su da kanta.

Nawa za a samu? Ƙaramar mace mai giram 100 takan ba da ƙwai kamar 100 a zubi ɗaya, babba mai kusan kilo kuma 1,000 zuwa 1,500. Mu yi lissafi na misali, mu rage buri: a ce cikin mata 18, tara ne kawai suka haihu a wata, kowacce ta ba da 200. An sami 1,800 ke nan a wata guda, daga ragar da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba.

A hapar raino, a ba 'ya'yan garin abinci mai laushi sau huɗu ko biyar a rana, kaɗan-kaɗan. A riƙa tace su ana ware manya, domin wanda ya girmi ɗan'uwansa da mako ɗaya zai iya haɗiye shi. Iyayen kuwa, bayan sun yi zubi biyu ko uku, a raba maza da mata na kwana goma, a ciyar da su sosai su huta.

Na shida: a kai maza kaɗai kwamin girma.

Namijin karfasa yakan yi girma kusan ninki biyu na mace. In maza zalla ne a kwami, ba haihuwa, ba cunkoso, abinci kuma nama yake zama. Hanyar mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya raine su har su kai giram 25 zuwa 30, ya zauna ya tantance su da hannu kamar yadda na kwatanta. Ido yakan yi kuskure, mata kaɗan za su sulale. A zuba 'yan tarwaɗa ƙalilan waɗanda ba su kai girman karfasar ba, su za su riƙa cinye 'ya'yan da aka haifa ba da niyya ba. Matan da aka ware kuma ba asara ba ne: a zaɓi nagari don iri, sauran a yi miya ko banda.

Akwai wani sinadari da manyan gonaki ke gauraya wa jarirai a abinci na mako uku zuwa huɗu, ya mai da kusan dukansu maza. Na ambace shi ne don kada wani ya zo ya ruɗe ku da shi. Yana bukatar awo na ƙwarai da safar hannu da horo, kuma ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara da mata masu juna biyu. Wanda bai koya a hannun masana ba ya bar shi.

Na bakwai: abokan gaba da yanayin garinmu.

Babban abokin gabar hapa shi ne datti. Gansakuka kan toshe idon raga, ruwan ciki ya daina musanya da na waje, sai ka wayi gari kifi ya taso sama yana haki. A goge ragar da burushi kowane mako, a kuma tanadi ta biyu don a riƙa cire ɗaya ana wankewa ana shanyawa. A duba huda kullum. Ɓera da guza suna yaga raga, kwaɗi da zalɓe suna cin 'ya'ya.

Sai yanayi. Karfasa ba ta fara haihuwa sai ɗumin ruwa ya kai digiri 24, tana kuma mutuwa idan ya sauka zuwa 11 ko 12. A hunturun Disamba da Janairu haihuwa za ta ja baya ko ta tsaya; kada ku ce an yi muku baki. A ƙara zurfin ruwa, a rufe kwami da leda da dare, a rage abinci, a kuma daina taɓa kifin. A bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, saman ruwa inda hapa take shi ya fi ɗaukar zafi, don haka a yi rumfar zana a kan rabin kwamin, a yi duk wani aiki kafin rana ta take.

Cuta kuma ta ƙofar baƙon kifi take shigowa. A ƙarshen 2018 wata cuta ta afka wa gonakin karfasa a Tafkin Volta na Gana, ta kashe kifi mai ɗimbin yawa. Rigakafi ya fi magani: duk kifin da aka sayo a killace shi shi kaɗai na mako biyu, kuma kada a yi aron rariya ko roba daga wata gona. In za a kai wa mai saye 'ya'yan kifi, a hana su abinci na yini guda, a ɗauke su da asuba.

Kammalawa

Jama'a, ba kowane gida ne zai iya haƙa rijiyar burtsatse ba, ba kuma kowa ne ya kamata ya zama mai haifarwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarata ita ce mutum biyar zuwa goma su haɗu a kan kwami ɗaya mai ruwa tabbatacce, su fara da hapa uku: ta haihuwa, ta raino, da ta hutun iyaye. A sayi littafi a riƙa rubuta ranar zubi, da yawan abin da aka kwasa, da abin da ya mutu, da kowace naira da ta fita. Kada a ci bashi don farawa, kada kuma a faɗaɗa sai an ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya sun wuce lafiya. Sannu ba ta hana zuwa. Ina roƙon shugabanninmu su taimaka da fili, masunta su kawo sanin kifi da Allah ya ba su, matasa kuma su riƙe aikin safe da yamma. In aka yi haka, mai kwami a Ajilari ba zai sake jiran irin da ya kwana a mota ya iso a galabaice ba. A unguwarsu zai saya, a hannun wanda ya sani.

 Allah ya sa albarka a abin da muka ji, ya ba Barno da ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina so mu fara da ɓangaren iyayenmu mata.